Madogarin Cizal Mai Tsayawa Da Ƙafarsa: A Saya Ko A Ƙera?

Jawabin da wani Jami'in Watsa Labarai na Gwamnatin Tarayya ya yi wa kafintoci da masassaƙa da masu walda a Kontagora, Jihar Neja.



Abin da ya tara mu a yau ɗan ƙarfe ne wanda ba a cika kula da shi ba a ɗakin aiki, watau madogarin da mai aiki ke ɗora cizal a kansa sa'ad da ya ke sassaƙa itace a injin juyi. Za mu yi magana a kan irin wanda ke tsaye a ƙasa da ƙafarsa, ba a haɗe da injin ba, wanda a kan yi amfani da shi in itacen ya yi faɗi ƙwarai har ba ya shiga cikin injin. Masu sana'a da yawa sun sha tambaya ko gara su saya ko kuwa su sa a ƙera musu. Amsar a taƙaice ita ce ko wanne ya yi, muddin dai an cika sharaɗi guda: kada madogarin ya motsa daga inda aka ajiye shi, ko da faɗin gashi ne, alhali itace na juyawa. Sauran abin da zan faɗa duk bayanin wannan sharaɗi ne.

SASSAƘA JIYA DA YAU

Tun kafin Umaru Nagwamatse ya kafa wannan gari a shekarar 1864, mutanen wannan yanki sun san darajar itace. Da gatari da gizago masassaƙanmu suka riƙa fitar da turmi da taɓarya da akushi da kujerar tsuguno da ƙotar fartanya. 'Yan'uwanmu Nufawa na Bida sun shahara da kujera mai ƙafafu da yawa wadda a kan sassaƙe daga gungume ɗaya. A wannan tsohuwar hanya itacen yana zaune wuri ɗaya, hannun masassaƙi ne ke yawo a kansa.

Injin juyi ya sauya wannan tsari, domin a nan itacen ne ke gudu, cizal kuwa yana tsaye. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. A Masar, a bangon kabarin wani babban malamin addininsu mai suna Petosiris, wanda ya rayu kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (alaihissalam), akwai zanen mutum biyu suna wannan aiki, ɗaya yana jan igiya itacen na juyawa, ɗaya yana riƙe da ƙarfen yanka. Bambancinmu da su shi ne ƙarfi. Mai jan igiya ya kan gaji, ya kan kuma tsaya in ya ga abin ya ɓaci. Injin lantarki ba ya gajiya, ba ya kuma gani. Tun da aka buɗe madatsar ruwa ta Kainji a 1969, wuta ta yi ta shiga garuruwanmu, a yau kuma inda babu ita akwai janareta, saboda haka wannan ƙarfi ya zo hannun ƙaramin kafinta na bakin kasuwa.

DALILIN YIN AIKI A BAYAN INJI

Injin juyi yana da gado, watau doguwar shimfiɗar ƙarfe, da kai a hagu inda mazari ya ke, da wutsiya a dama wadda ke tokare itacen. Tazarar da ke tsakanin mazari da gado ita ce ke ƙayyade faɗin abin da za a iya juyawa. A yawancin injunan da ke hannunmu tazarar inci 6 ce ko 7, watau ke nan itacen da faɗinsa ya wuce inci 12 ko 14 zai bugi gado. Wannan ya isa a yi ƙafar tebur da ƙafar gado da sandar labule. Amma in an zo ga babban akushi, ko farantin katako na gidan baƙi, ko saman tebur mai da'ira wanda ya kai inci 24, sai a koma ɗaya ƙarshen mazarin, wanda ya leƙo ta bayan kan injin, inda babu gado. A can sai ƙasa ce iyaka.

To, a can bayan an rasa abu biyu. Babu wutsiyar da za ta tokare itacen, saboda haka ƙusoshin faifan ƙarfe kaɗai ke riƙe da shi. Babu kuma gadon da za a ɗaure madogari a kai, shi ya sa a ke neman wanda zai tsaya a ƙasa. Ga shi itacen ya fi girma, ya fi nauyi, abin riƙonsa kuwa ya ragu. Nan ne haɗarin ya ke.

ABIN DA KE FARUWA IN MADOGARI YA MOTSA

Cizal a kan madogari tamkar sandar ɗaga dutse ce a kan matashinta. Mu ɗauka bakin cizal ya wuce madogari da santimita 2, hannun mai aiki kuma yana santimita 40 a baya. In itacen ya danna bakin da nauyin kilo 20, abin da zai iso hannu kilo 1 ne kacal. Amma in madogarin ya ja baya har bakin ya leƙa da santimita 10, wannan dannawar za ta iso hannu da nauyin da ya haura kilo 6. An ninka ta fiye da sau shida, ba tare da mai aikin ya sani ba, domin idonsa na kan itace.

Madogarin da ke ɗaure a gadon inji, in injin ya girgiza tare su ke girgiza, tazarar ba ta sākewa. Wanda ke tsaye shi kaɗai kuwa, injin na rawarsa dabam, shi ma yana tasa dabam. In ya ja baya, rata ta buɗe, cizal ya kan faɗa ciki ya kafe, wani lokaci har da yatsa. In ya kifa gaba, ƙarfensa ya kan haɗu da itacen da ke gudu, itacen ya tsage, ɓallinsa ya tashi sama daidai fuskar mutum. Duk wannan ya kan auku kafin ƙiftawar ido.

IN ZA A SAYA

Iri biyu a ke samu. Na farko shi ne mai ƙafa uku na zubin ƙarfe, wanda ya kan zo tare da tsofaffin injunan da a ke shigowa da su daga Turai. Na biyu shi ne wani hannu da a ke ɗaurewa da noti a jikin ƙafar injin, ya miƙo ta baya, wani ma da 'yar ƙafa guda da ke taka ƙasa. In injinka yana karɓar irin na biyu, to, shi ne ya fi, domin ya zama ɓangaren injin. Akwai kuma injunan zamani waɗanda kansu ke juyawa gefe ko ya zame zuwa ƙarshen gado, wanda ke shirin sayen sabon inji sai ya sa wannan a lissafinsa.

Wanda zai sayi mai ƙafa uku ya kula da waɗannan abubuwa:

Na ɗaya, ya auna daga ƙasa zuwa tsakiyar mazarin injinsa tun kafin ya bar gida. Lalle ne madogarin ya iya sauka ƙasa da wannan awo da kamar inci 2, ya kuma iya hawa sama da shi kaɗan.

Na biyu, ya auna ramin da sandar madogari ke shiga. Akwai na inci 1, akwai na milimita 30, kuma ba sa shiga juna daidai. Sanda mai lilo a cikin rami ba ta ɗauruwa, ko an cusa mata gwangwani.

Na uku, ya kankare tsatsa da fenti ya duba ko akwai tsaga. Zubin ƙarfe ba ya lanƙwasa don ya yi gargaɗi, karyewa ya ke yi farat ɗaya, kuma waldarsa tana da wuyar sha'ani. In an ga an taɓa yi masa walda a wuya ko a ƙafa, a bar shi, kome arahansa.

Na huɗu, ya gwada ɗagawa. Wanda yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya bai isa aikin nan ba sai an ƙara masa nauyi.

IN ZA A ƘERA

Babu abin da ke cikin wannan madogari wanda ya gagari ƙwararren mai walda na Kontagora. Garin nan yana kan babbar hanyar da ta taso daga Jebba da Mokwa ta nufi Yawuri da Sakkwato, saboda haka tsofaffin ƙarafan manyan motoci ba su da wuyar samu. Abin da a ke bukata shi ne kafinta ya san abin da zai ce a yi masa, domin mai walda bai taɓa jin cizal ya kafe a hannunsa ba.

A fara da gindi. Tsohon wilin babbar mota ko gangar birkinta, in an cika da kankare, ya kan yi gindi mai kyau. Ana kuma iya haɗa akwati da ƙarfe mai kusurwa a zuba kankare a ciki. Kankare mai tsawon santimita 60 da faɗin 60 da kaurin 15 yana kai wajen kilo 130. Kada wannan nauyi ya ba kowa tsoro, da bututu biyu a ƙarƙashi a kan mirgina shi, in ya isa wurinsa a zare su.

Gindin ya taka ƙasa a wuri uku. Iyayenmu mata sun san dalili, shi ya sa murhu ya ke da duwatsu uku. Abu mai ƙafa huɗu a daɓen da bai daidaita ba sai ya yi ta gurgunta, mai uku kuwa ko'ina aka ajiye shi ya zauna. A yi wa ko wace ƙafa babban noti da za a riƙa murzawa don daidaita tsawo, a kuma shirya ƙafafun yadda biyu za su shiga ƙarƙashin itacen da ke juyawa, ɗaya ta koma baya.

Ginshiƙi ya zama bututun ƙarfe mai kauri, faɗin inci 3 ko fiye, irin na ruwa mai nauyi. Bututun gadon kwana da na rumfa ba su da amfani a nan. A tokare shi da ƙarafa uku daga gindi zuwa wajen kashi biyu cikin uku na tsawonsa, a yi walda cikakkiya kewaye da ko wane mahaɗi, ba ɗigo-ɗigo ba.

A saman ginshiƙin a sa ɗan guntun bututu mai kauri wanda sandar madogari za ta shiga daidai, da noti biyu masu hannu na ɗaurewa. Sandar kada ta gaza inci 1 a kauri, kuma ta kasance ƙarfe cikakke marar rami. Shi kansa madogarin, inda cizal ke zamewa, kada ya wuce inci 12 in a kan sanda ɗaya ya ke, domin in an yi aiki a ƙarshen dogon madogari sai ya riƙa ɓari. A goge samansa da magagari ya yi sumul, ko wane ɗan tabo a kai zai fito a jikin aikin.

Sa'an nan sai abu mafi muhimmanci, wanda ya shafi na saye da na ƙira baki ɗaya: a ɗaure madogarin da injin. A samo ƙarfe mai kusurwa guda biyu, a yi musu dogon rami don a iya matsarwa, a ɗaure kai ɗaya a ginshiƙin madogari, ɗaya kan a ƙafar inji, guda a sama guda a ƙasa. Shi ma injin a kafe shi da noti a cikin daɓen siminti. Wanda ke aiki a rumfa mai turɓaya ya fara zuba daɓe guda wanda zai ɗauki inji da madogari tare, tun kafin ya yi tunanin aikin baya. Kuɗin waɗannan ƙarafa biyu bai kai na jinyar yatsa ɗaya ba.

GWAJI KAFIN A KUNNA

Akwai gwaji huɗu da ba sa cin ko kwabo. A rataya igiya da ɗan dutse daga ko wane ƙarshen madogari, a ga ko dutsen ya sauka a tsakanin ƙafafun nan uku, in ya faɗa waje, madogarin zai iya kifewa. Babban mutum ya danna ƙarshen madogarin da dukan nauyinsa, ya kuma tura shi gaba da baya, kada ya ji ya ba da kai. A matso da madogarin kusa da itace, ratar ta zama kamar kaurin fensir ko ƙasa da haka, tsawonsa kuma ya zama yadda bakin cizal zai yi daidai da tsakiyar mazari, sa'an nan a juya itacen da hannu zagaye cikakke a tabbata bai taɓa kome ba. Daga ƙarshe a ɗora kofin ruwa a kan gindin madogarin a kunna inji, mutum na tsaye daga gefe. In ruwan yana fantsama, a kashe a sake duba. Kuma duk lokacin da za a matsar da madogari, sai an kashe inji ya tsaya cik.

GUDU DA ZARE

Madogari mai kyau ba zai ceci wanda ya sa babban itace a gudun ƙarami ba. Injin lantarkin da aka fi samu yana juyi kimanin 1,440 a minti ɗaya. Itace mai faɗin inci 24 in ya bi wannan gudu, bakinsa yana tafiyar da ta haura kilomita 160 a awa. Ƙarfin da ke neman tarwatsa shi kuwa ba ya bin gudu sau da ƙafa, in an ninka gudu sau biyu ƙarfin ya kan ninku sau huɗu, in an ninka sau huɗu ya ninku sau 16.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida mai sauƙi: faɗin itace da inci, a ninka da yawan juyi a minti, amsar ta tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Ke nan mai inci 24 yana son juyi 250 zuwa 375, mai inci 30 kuma 200 zuwa 300. Wannan na itacen da ya riga ya daidaita ne, ɗanyen gungume mai nauyi a gefe ɗaya sai an fara da ƙasa da haka, bayan an rage masa kusurwoyi da zarto da gizago. Da fuli a ke rage gudu. Fulin inci 3 a kan injin lantarki yana jan na inci 12 a kan mazari zai ba da juyi 360, na inci 2 kuwa zai ba da 240.

Wani abu kuma da ya kamata masu injin ƙirar gida su sani. In ka tsaya a bayan inji, za ka ga itacen yana juyawa saɓanin yadda ka saba gani daga gaba, saboda haka ɓangaren da ke sauka ƙasa, inda a ke ɗora cizal, ya koma hannun dama. Don wannan dalili ne masu ƙera injuna su kan yi wa mazarin baya zaren hagu, domin aiki ya riƙa ƙara ɗaure faifan. In an yi wa mazarin baya zaren dama irin na gaba, cizal na taɓa itace faifan zai fara kwancewa, har ya faɗo da kayansa yana gudu. A duba wannan, a kuma sa wa faifan ɗan noti na kulle a wuyansa. Faɗin faifan ya kai kamar sulusin faɗin itacen, a cike dukan ramukansa da ƙusa mai zare, mai kauri, wadda ta shiga itace da aƙalla inci 1. Baƙar siririyar nan ta ɗaura silin tana da saurin karyewa, kada a yi amfani da ita. Itacen da ya tsage ko gara ta ci, a mai da shi ga wani aiki.

JIKI DA TUFA

Babbar riga da rawani da dogon hannun kaftani na zuwa masallaci ne da biki, a rataye su kafin a kusanci inji. Haka agogo da zobe da carbi da safar hannu. A sa garkuwar fuska mai rufe goshi har haɓa, tabarau kaɗai bai isa ba. A rufe hanci da baki, musamman wajen goga, domin tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar itace cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo. In za a yi goga da sanfefa a janye madogarin gaba ɗaya. In an ɗauke wuta ana cikin aiki, a kashe makunni nan take, kada ta dawo ta tarar da hannu a jikin itace.

HAƘƘIN MAI GIDA

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a rufe sassan inji masu haɗari, irin su bel da fuli, ta kuma hana a sa wanda bai ƙware ba a kan inji mai haɗari sai an koya masa, ana kuma lura da shi. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, ta hannun hukumar NSITF, masu ɗaukar ma'aikata na zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da su ke biya. Amma tun kafin doka akwai amana. Yaron da ubansa ya kawo maka da yatsu goma, da goma ya kamata ka sallame shi ran yaye. Kada a bar ɗan koyo a bayan inji sai ya goge a gabansa. Mai neman ƙarin sani ya tuntuɓi malaman Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke nan Kontagora, ko Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, wanda aka kafa a 1971, ko jami'an duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Akwai kuma haƙƙin daji. Itace mai faɗin inci 24 daga tsohuwar bishiya ya fito, wadda ta girmi mai yankanta. Madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017, maɗaci da kawo suka bi baya a 2023, saboda yawan sara. Ko wane gungume da ya tarwatse a kan inji don sakaci, asara ce ga mai shi, kuma wata bishiyar za a sake kayarwa a madadinsa. A nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin sara, wanda ya sare kuma ya dasa.

Jama'a, ina roƙon ko wane mai gida da ke nan, in ya koma rumfarsa, ya ɗauki igiya da ɗan dutse da kofin ruwa ya gwada madogarinsa tun kafin ya kunna inji gobe da safe. In ya ci gwaji, madalla. In ya faɗi, ya kai wa mai walda, ya tsaya a kansa har a gyara. Waɗanda suka iya karatu su karanta wa 'yan'uwansu wannan takarda, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya sa albarka a sana'armu, ya kiyaye mu da yaranmu.